Sufeton Tudun Wada Ya Tafi Binciken Aure

Mu 'yan layin Malam Kailani a Tudun Wada mun san ranar da zaman lafiyarmu ya ƙare. Ita ce ranar da ya yi ritaya daga aikin kula da sito a wata makarantar sakandare, ya kira yara suka kafa masa dish a kan rufin ɗakinsa.

Cikin tashoshin da dish ɗin ya kamo akwai wadda take nuna wani shirin Turawan Ingila duk mako bayan sallar isha'i. Wani ƙaramin ƙauye ne shiru-shiru, ko'ina furanni da ciyawa kore shar, tsofaffin mata suna yawo a kan keke suna ɗaga wa juna hannu. Amma duk mako sai an tsinci gawa, yau a bayan coci, wani makon a cikin lambu. Sai wani sufeto mai furfura ya zo cikin doguwar kwat, ya bi gida-gida yana shan shayi, a ƙarshe ya tara kowa a falo ɗaya ya nuna mai laifi da yatsa.

Akwai abin da Malam Kailani ba ya faɗa a majalisa, amma matarsa Rauda ta faɗa wa matan layi, su kuma suka kawo mana. Bai taɓa kallon tsakiyar shirin ba. Da zarar an nuna gawa, tuwon dare ya fara aikinsa, sai kai ya langaɓe. Ba ya farkawa sai kiɗan ƙarshe ya taso, daidai lokacin da sufeto yake ɗaga yatsa. Nan zai gyara zama ya goge baki ya ce, "Na faɗa." Don haka a saninsa aikin bincike abu biyu ne kacal: ka ga abu, sannan ka tara jama'a ka nuna mutum. Duk wahalar da ke tsakani a barci take wuce shi.

Bai daɗe ba ya sayo kwat a wajen Ikechukwu mai gwanjo, wanda haifaffen Zariya ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu.

"Malam, wannan ta ƙasar ƙanƙara ce," in ji Ikechukwu. "Mu ma a cikin dila muka tsince ta. In ka sa ta a garin nan dahuwa za ka yi."

"Kai sayar da kaya kawai ka sani. Ka taɓa ganin sufeto da 'yar shara?"

"Ban dai taɓa ganin sufeto ya suma a bakin kasuwa ba. Amma da alama na kusa."

Tun daga ranar ba mu ƙara hutawa ba. In ka zo majalisa da laka a takalmi, sai ya gaya maka inda ka fito, kuma ko kuskure bai taɓa dacewa ba. Muka sa masa suna Sufeto don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Duk wannan da sauƙi, har maganar Bahijja ta taso. Bahijja 'yar yayansa ce marigayi, a hannunsa ta tashi, kuma duk shirmen Kailani kowa ya shaida ba ya haɗa yarinyar nan da kowa. Ta gama karatun koyarwa, ta daidaita da wani yaro mai suna Suhaibu, ɗan Alhaji Nagoda mai hatsi, can ƙarshen Tudun Wada ta hanyar Gyallesu. Yaran suna son juna, manya sun yi sallama, abin da ya rage kafin a sa rana shi ne bincike. Wannan kuwa aiki ne na lallami. Ka je unguwar yaro ka gaida liman, ka zauna da maƙwabta, a cikin hira ka ji ko yana salla, ko yana da sana'a, ko akwai sata ko taɓin hankali a dangi. Ka dawo gida ba wanda ya san ka je.

"Malam, liman kawai za ka gani da maƙwabta," in ji Rauda da ta ga yana karkaɗe kwat. "Don girman Allah ka rataye wannan abin."

"Ke Rauda, amanar Yaya ce a hannuna. Ba zan miƙa ta gidan da ban leƙa ƙarƙashin gadonsu ba."

"Ƙarƙashin gadon nan shi nake tsoro."

Bai je wajen liman ba. Teburin mai shayin da ke kallon gidan Alhaji Nagoda ya nufa, domin ya lura sufeton Ingila daga shayi yake farawa. Aka miƙo masa kofi, ya sansana, ya ɗaga shi sama ya duba gindinsa.

"Malam, in ba ka sha ka ba ni kofina," in ji mai shayi.

"Alhaji Nagoda yakan zauna a nan?"

"Kullum da safe. Amma an kwana biyu ba mu gan shi ba. An ce ya yi tafiya."

"An ce. Wa ya ce?"

"Mutanen gidansa mana. Sai dai ni ban ga fitarsa ba. Kuma ga babur ɗinsa can, Suhaibu ke hawa, shi ke buɗe shago yanzu."

Wani mai cin burodi a gefe ya sa baki. "Ni fa abin da ya ba ni mamaki ihun nan ne. Wata safiya muka ji ƙara daga cikin gidan, muryar babban mutum, har da salati. Daga nan ɗif. Muka yi sallama aka ce lafiya lau."

Malam Kailani ya ajiye kofin a hankali. Gumi yana bin wuyansa saboda kwat, amma murna ta hana shi kula. Ga unguwa shiru, ga dattijo ya ɓace, ga ɗa ya haye babur ya gaje shago. Shekararsa guda yana jiran Allah ya kawo masa irin wannan.

Da ya dawo layinmu ya tarar da baƙo a majalisa, wani kamilin mutum mai farin kaftani, ya ce sunansa Malam Salmanu, daga Hanwa yake. Tun da ya zauna yake tambayar gidan Malam Kailani, da mutanen gidan, da asalinsu. Duk mai hankali ya san baƙon da ke tambayar gida mai budurwa. Dangin ango ma ai suna nasu binciken. Mun yi ta zuba wa Kailani yabo kamar ba mu ne masu yi masa dariya ba. Ana cikin haka sai ga shi ya ɓullo cikin kwat, rana tana tsaka.

"Ga shi nan ma," muka ce, ranmu bai so ba.

"Ni ake nema?" in ji Kailani. "Daga ina?"

"Daga Hanwa," in ji baƙo.

"Kun ji ko? Suna ya kai Hanwa." Ya ja benci ya zauna dab da shi. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafarsa. Wani ya yi tari don ya ankarar da shi, Kailani ya ce a ba mai tarin ruwa.

"Malam, wannan rigar fa?" in ji Salmanu.

"Ta aiki ce. Ni ina ganin abin da mutane ba sa gani. In na zauna ni kaɗai, abubuwa magana suke yi mini. Takalmi ya yi mini magana, ƙofa ta yi mini magana."

"Ƙofa."

"Ƙofa. Kuma kada ka ɗauka koyo na yi. Abin nan a jininmu yake. Kakanmu haka yake, sai ya wuni yana kallon bango yana gyaɗa kai, ba mai gane inda ya dosa."

"A jini, ka ce."

"A jini. Duk wanda ya fito daga gidanmu da ɗan rabonsa."

Malam Salmanu ya ce, "To." Mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Kailani ya dafa kafaɗar baƙon ya ce yana da wani babban aiki a hannu, ba zai faɗi suna ba tukuna, amma in yana son ganin yadda ake yi ya biyo shi gobe. Baƙo ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan.

Washegari suka shiga kasuwar Tudun Wada a bayan Hajiya Ishatu, matar Alhaji Nagoda. Kailani yana tafe yana raɓewa daga rumfa zuwa rumfa, ya ɗage wuyan kwat har kunne, wai kada a gane shi. Duk kasuwar ba wanda ake kallo sai shi. Hajiya ta tsaya wajen mai yadi ta sa aka yanko mata farin alawayyo.

Kailani ya damƙi hannun Salmanu. "Ka ga abin da na gani? Farin yadi. Me ake yi da farin yadi?"

"Abubuwa da yawa."

"Abu ɗaya."

Daga nan ta wuce wajen masu kaji ta zaɓi manya guda biyu.

"Maigida ba ya nan, amma ana cin kaji," in ji Kailani. "Wa ke murna?"

Hajiya ta waiwayo, domin ta ji a jikinta ana bin ta. Kailani ya yi wuf zai ɓuya, ya ja da baya ba tare da dubawa ba, ya zauna daram a cikin kwandon tumatir. Mai tumatir ta riƙe kwat ta ce ba inda za shi. Ya ce mata yana bakin aiki. Ta ce ita ma a bakin nata aikin take kafin ya zauna a kai. Da ƙyar Malam Salmanu ya raba, suka fito, bayan kwat ɗin ya yi jajir, karnukan mahauta biyu suna binsu a baya.

Mutum mai rabo da ya koma gida daga nan. Kailani lungun bayan gidan Alhaji Nagoda ya nufa, ya taka wani tsohon turmi ya haye katanga. Abin da ya gani a tsakar gidan ya kusa sa shi kabbara. Ga sabuwar ƙasa ja an tara a gefe, ga wani wuri an rufe da tsofaffin kwanon rufi.

"Rami," ya raɗa wa Salmanu daga sama. "Sabon rami. An gama."

Turmin ne ya gaji ya mirgine. Kailani ya sulɓo, wani ƙarfe da ke saman katangar ya kama kwat ta baya, ya bar shi yana reto kamar kayan shanya. Wata mata da ta fito zubar da ruwa ta ɗaga kai ta ƙwala ihun ɓarawo. Kafin ka ce me lungu ya cika, wani da taɓarya, wani da bulo. Malam Salmanu ne ya shiga tsakani ya ce a yi haƙuri, ya san shi, ba shi da cikakkiyar lafiya ne. Aka sauko da shi ana Allah ya sawwaƙe.

"Dabararka ta yi," in ji Kailani a hanya. "Ba shi da lafiya. Ka ga yadda suka yarda? Za ka yi kyau da aikin nan."

"Na gode," in ji Salmanu.

Labari ya riga shi isa gida. Bahijja ta durƙusa a gabansa, idonta ya kawo ruwa.

"Baffa, don Allah me Suhaibu ya yi?"

"Tambayar da za ki yi ita ce me bai yi ba. Ki bari zuwa Asabar, da bakinki za ki gode mini."

"Malam, kira yaron ka tambaye shi ina babansa," in ji Rauda. "Shi wancan na talabijin ɗin tambaya yake yi. Ni da nake kallon tsakiyar na sani."

"Ana tambayar kura ina akuya?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ranar Asabar bayan la'asar ya tara mutane a ƙofar gidan Alhaji Nagoda. Ya aika wa mai unguwa da liman cewa maganar aure ce, don haka suka zo da manyan riguna. Mu ma muka bi shi, wai ko za mu iya tare wata ɓarnar. Mai shayi ya rufe tebur ya zo, Ikechukwu ya bar shago ya zo ganin inda kwat ɗinsa za ta ƙare. Suhaibu ya shimfiɗa tabarmi, ya kawo ruwa, ya tsuguna gefe cikin ladabi. Hajiya Ishatu tana daga cikin zaure a bayan labule. Malam Salmanu ya samu wuri ya zauna.

Kailani ya miƙe, ya goya hannu a baya, ya fara kai da komo.

"Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, jama'a. Wanda ya yi abin nan yana cikinmu."

"Wane abu?" in ji mai unguwa.

"Za mu zo wurin. Kai mai shayi, kullum Alhaji a wurinka yake shan shayi. Kana da damar zuba masa komai."

"Sukari nake zuba masa, shi ma ya ce in rage."

"Ba kai ba ne. Gwada ka nake yi." Ya juya wajen labule. "Hajiya, farin yadi na mene ne?"

"Au, kai ne na cikin tumatir?" in ji murya daga bayan labule.

Dariya ta fara tashi, liman ya ɗaga hannu. Kailani bai ji ba, ya riga ya hau. Ya lissafa ihu da salati, ya lissafa kaji, da babur, da shago. Sannan ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a hankali a kan Suhaibu.

"Wannan yaro ya kashe ubansa don ya gaji shago, aka naɗe shi a farin yadi, aka binne a tsakar gida."

Suhaibu ya miƙe zumbur. Liman ya yi salati.

"Malam Kailani, ka san nauyin abin da ka faɗa?" in ji mai unguwa.

"Ku biyo ni."

Ba sallama ba komai ya ɗage labule ya kutsa cikin gidan mutane, mata suna ta neman mayafi. Jama'a suka ɗunguma a bayansa, rabi don su riƙe shi, rabi don kada a ba su labari. Ya je ya haye kan kwanon rufin nan, ya tsaya a tsakiya, ya buga ƙafa.

"A nan ƙasan ƙafata Alhaji Nagoda yake."

"Baffa, sauko, shadda ce ake haƙawa," in ji Suhaibu.

Bai rufe baki ba kwano ya lotsa. Sufeto ya tafi ƙasa da yatsansa a sama. Allah ya taimake shi ba a fara amfani da ramin ba, ruwan sama ne kawai da jar laka, amma sun kai masa ƙirji, kwat kuwa ta sha ruwa ta yi nauyin buhun masara. Ana ƙoƙarin zura masa igiyar guga sai aka ji wata murya daga ɗakin da ke kusa.

"Wai wane ne yake cewa na mutu?"

Wasu suka yi baya da gudu. Mai shayi har ya kai zaure. Suhaibu ya yaye labulen ɗakin, sai ga Alhaji Nagoda kwance a gado, ƙafarsa ɗaya a miƙe, an jera mata karare an naɗe da farin alawayyo, ga kwanon romon kaza a gefensa.

Hajiya Ishatu ce ta yi bayani, ranta a ɓace. Karaya ya samu. Ihun da aka ji ranar da mai ɗori ya ja ƙafar ne. Mai ɗorin ne ya ce kada kowa ya shigo dubiya sai ƙashi ya kama, shi ya sa aka ce ya yi tafiya. Ramin kuwa na sabon bayan gida ne irin na zama, tunda ba zai iya tsuguno ba.

Aka jawo Kailani waje yana ɗigar laka. Ya dubi Alhaji, ya dubi jama'a, ya gyara wuyan kwat.

"Alhamdu lillahi. Dama abin da nake so in tabbatar ke nan."

"Salmanu," in ji Alhaji Nagoda daga gado, "wannan ne baffan yarinyar da na aike ka bincike a kansu?"

"Shi ne, Yaya."

Kailani ya waiwaya a hankali. "Yaya?"

"Me ka gano?" in ji Alhaji.

Malam Salmanu ya miƙe, ya yi magana a natse kamar yadda ya saba. "Yarinya ba ta da aibu, kowa yabonta yake. Amma baffanta na gan shi yana bin matar aure a kasuwa. Na gan shi a kan katangar gidan nan. Ya ce mini ƙofa tana yi masa magana. Kuma da bakinsa ya ce abin a jininsu yake, duk wanda ya fito gidansu da rabonsa."

"To a bar maganar auren nan," in ji Alhaji Nagoda. "Ku fitar mini da shi."

Muka kama hannun Malam Kailani muka fito da shi. Muka taho gida, yara suna binmu a baya. Wallahi duk dariyar da muka tanada sai ta ƙi fitowa, tausayi ya kama mu.

Ya yi zaton zai tarar da kuka da faɗa. Rauda ko kallonsa ba ta yi ba. Bahijja ce ta fito, idonta a kumbure, ta kai masa ruwan zafi bayi, ta ajiye sabulu da soso, ta ce, "Baffa, ga ruwa." Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya daɗe a tsaye a tsakar gida yana tuna ranar da yayansa ya kama hannun yarinyar ya sa a nasa.

Washegari da hantsi ya fito cikin 'yar shara da hula, ba kwat. Ya roƙe ni in raka shi. Suhaibu ya yi mana iso, ya gaishe shi har ƙasa kamar ba shi aka nuna da yatsa jiya ba. Kailani ya zube a bakin gadon Alhaji.

"Alhaji, ban zo wanke kaina ba. Na yi wa yaronka ƙazafi, na keta maka gida, ku yafe mini. Amma maganar jini ƙarya na yi don in burge baƙo. Kakanmu makaho ne, shi ya sa yake fuskantar bango. Haukan nawa ne ni kaɗai, kuma a talabijin na ɗauko shi. Kada a hukunta marainiya da laifina."

Alhaji ya kalli silin. "Wane talabijin?"

"Wani shirin banza ne na Turawa. Wani ƙauye ne da ake ta kashe mutane."

"Mai sufeto mai furfura?"

Kailani ya ɗago kai.

Daga bakin ƙofa Hajiya Ishatu ta yi tsaki. "Tambaye shi yadda ya karye mana. Ana tsakiyar shirin nan iska ta juya dish. Dattijo mai jikoki ya ɗauki tsani ya hau rufi, wai kada a faɗi mai laifi ba ya nan. Mai ɗori dai ya hana dubiya, amma wannan ya fi mai ɗori son a rufe ƙofa."

"Hajiya, ya isa."

"Bai isa ba. Na sa an sauke dish ɗin, kuma ba mai mayar da shi. Ni ban ga abin da za a fasa aure a kai ba. Ciwon nan gida biyu yake, gara a haɗa su wuri ɗaya mu san inda muke jinya."

Ta saki labule ta tafi. Alhaji Nagoda ya saurara har takunta ya yi nisa, sannan ya yafito Kailani da hannu, ya rage murya.

"Na makon da aka yi iskar nan. Wanda aka tsinci mai kiwon zuma a cikin rumbunsa. Ka ga ƙarshensa?"

"Alhaji, ni ƙarshe ai ba ya wuce ni."

"Tun da na kwanta abin nan yake cina, kuma ina jin nauyin tambayar yara. Wa ya kashe shi?"

Na ga bakin Kailani ya buɗe, amsar tana kan harshensa. Mutumin da bai taɓa riƙe magana ta kai minti ɗaya a cikinsa ba. Sai ya rufe bakin, ya gyara zama, ya kalli ƙasa.

"Alhaji, wannan magana ce ta cikin gida. Sai dai in faɗa wa suruki."

Alhaji ya harare shi. Kailani bai ɗago ba. Can sai gadon ya fara girgiza, Alhaji yana dariya yana riƙe ƙafa.

"Suhaibu, kira mini Salmanu a waya. Ka ce ya nemo goro, bayan salla ƙarama za a sa rana." Ya juyo. "To, suruki. Wane ne?"

"Tsohuwar nan ce mai gasa burodi, mai keke."

"Na faɗa!" in ji Alhaji Nagoda, ya ɗaga hannu ya daki cinyarsa, ya manta wacce ce a ɗaure.

Ihun da ya yi har teburin mai shayi. Wannan karon Malam Kailani da kansa ya fita ƙofar gida ya shaida wa jama'a cewa lafiya lau, ba wanda ya mutu.